Gargaɗi Ga Jama'ar Bande Kan Ruwan Famfo Mai Komawa Baya

Ya ku jama'a, mafi yawanmu mun ɗauka cewa ruwan da ya sauko daga shato hanya ɗaya gare shi, alhali kuwa ƙarfin turi ne kaɗai ke kora shi gaba. Idan aka ɗauke ruwa, ko babban bututu ya fashe, sai turin ya faɗi, bututun ya koma zuƙa kamar yadda yaro ke zuƙar ruwa da kara. A wannan sa'a, duk tiyon da aka bari nutse cikin tano, ko komin dabbobi, ko tankin feshin maganin ƙwari na masu garka, zai janye abin da ke ciki ya kai shi bututun al'umma, maƙwabci ya sha bai sani ba.

Wannan musiba ta taɓa afka wa birnin Shikago na Amurka a shekarar 1933, lokacin bajekolin duniya, sa'ad da ƙazantar masai ta haɗu da ruwan sha a manyan masaukai biyu, atuni ya halaka kusan mutum 100. Mu ma da muka ga yadda kwalara ta ratsa jihohin Damagaram da Maraɗi a 2021, ba mu da uzurin gafala, balle a ƙasar Korama inda ruwan ƙasa ke kusa.

Malamanmu na fiƙihu sun karantar da cewa ana duba launi da ɗanɗano da wari kafin a hukunta ruwan tsarki. To amma ƙwayar cuta ba ta sauya ko ɗaya daga cikinsu, don haka hukuncin lafiya yana buƙatar ƙarin kiyayewa.

Maganin kuwa mai sauƙi ne. Kada bakin tiyo ya taɓa ruwan da ake tarawa. A bar tazarar da ta kai ninki biyu na faɗin bakinsa. Kada a ɗaura injin ja kai tsaye a kan bututun gari, kada kuma bututu ya bi gefen masai ko kwata. Mai jan ruwa zuwa gida ya sa gwani ya ɗaura masa bawul mai hana komawa baya. Wanda ya ga bututu na yoyo ya sanar da masu kula da ruwa nan take, kuma ruwan da ya fara zuwa bayan yankewa a tafasa shi kafin a sha.

Ruwan famfo amana ce tsakanin maƙwabta, shari'a kuwa ta haramta cutar da maƙwabci. Allah Ya kiyashe mu.