Sankarar bututun abinci: Alamominta da yadda ake maganinta

Bututun abinci shi ne hanyar da loma ke bi daga maƙogwaro zuwa ciki, tsawonsa kimanin santimita 25 a jikin baligi. Sankarar da ke kama shi tana cikin mafiya kisa. Alƙaluman hukumar binciken cutar kansa ta duniya, IARC, da ke birnin Lyon na Faransa, sun nuna cewa a 2022 mutum sama da 500,000 suka kamu da ita, fiye da 400,000 kuma suka rasu. Babban dalili shi ne yawancin masu cutar ba sa zuwa asibiti sai ta yi nisa.

Bututun yana buɗewa gwargwadon loma, saboda haka ƙari kan daɗe yana girma ba tare da an ji komai ba. Alamar farko ita ce wahalar haɗiya. Da fari nama ko burodi ne ke tsayawa a ƙirji, sai mutum ya koma tuwo mai laushi, daga nan kunu, har ruwa ma ya gagara. Ana kuma samun rama ba dalili, zafi a ƙirji, dushewar murya, tari da amai. Da yawa kan ɗauka olsa ce ko ƙwannafi, su yi watanni suna sayen magani a kemis.

Cutar iri biyu ce. Na farko yana tasowa daga fatar da ta lulluɓe cikin bututun, galibi a sama ko tsakiya, kuma shi ya fi yawa a China, arewacin Iran da gabashin Afirka, kamar Kenya da Malawi. Shan taba da giya ne kan gaba wajen jawo shi, sai ƙarancin 'ya'yan itace da ganye a abinci. A 2016 IARC ta sanya abin sha mai zafin da ya haura digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa shi, don haka masu kurɓar shayi yana tururi su riƙa bari ya huce. Na biyu yana kama ƙasan bututun, kusa da ciki, yana da alaƙa da ƙiba da ƙwannafin da ya daɗe, kuma ya fi yawa a Turai da Amurka. Duka biyun sun fi kama maza da waɗanda suka manyanta.

Ana gano cutar ta hanyar zura siririyar kyamara ta baki, a gutsuro ɗan nama a kai ɗakin gwaji. Daga nan a ɗauki hoton CT domin a ga ko ta bazu zuwa hanta, huhu ko kaluluwa. Matakin da ta kai ne ke yanke irin maganin da za a yi.

Idan ba ta wuce fatar ciki ba, ana iya cire ta da kyamarar ba tare da an yanka ƙirji ba. Idan ta shiga naman bututun amma ba ta bazu ba, akan fara da ƙarin ruwan maganin kansa, sau da yawa haɗe da gashi, sannan a yi tiyata a yanke ɓangaren da ya kamu, a jawo ciki sama a haɗa. Idan ta bazu, manufar magani takan koma rage raɗaɗi da tsawaita rai: a saka wani ɗan bututun raga da zai buɗe hanya majiyyaci ya iya cin abinci, ko a yi gashi. A Arewa akwai sassan gashin kansa a Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja da asibitocin koyarwa na Zariya da Sakkwato.

Duk wanda abinci ya fara tsaya masa a ƙirji, musamman idan abin na ƙaruwa ko yana ramewa, ya nemi likita ya tura shi gwajin kyamara cikin gaggawa. Ba kowace wahalar haɗiya ce sankara ba, amma gwaji kaɗai ke bambance su.