LFA: Motar Da Aka Shekara Goma Ana Ƙerawa

Kowa ya san kamfanin Toyota na ƙasar Japon da motocin aiki masu jure rami da rairayi. Amma a shekara ta 2000 waɗansu injiniyoyinsa, a ƙarƙashin jagorancin Haruhiko Tanahashi, suka ɗauko wani aiki dabam, wato ƙera motar alfarma mai tsananin gudu wadda za ta kara da na Italiya da na Jamus. Aka raɗa mata suna Lexus LFA. Lexus kuwa shi ne sunan da Toyota ke sa wa motocinsa na manya.

Aikin bai zo da sauƙi ba. An yi wajen shekara biyar ana gina gangar jikinta da sanholo, sa'an nan aka ga nauyinta ya yi yawa, aka ajiye wannan duka aka sake sabon lale. A wannan karo aka zaɓi zaren kabon, wanda ake saƙawa kamar tufa, a jiƙa shi da wani irin ƙaro, a gasa har ya sandare. Ya fi sanholo rashin nauyi, ga kuma ƙwari. Toyota bai miƙa wannan aiki ga wani kamfani ba, ya ce ma'aikatansa su koya da hannunsu. Abin ya yi daidai da asalin gidan, domin Sakichi Toyoda, mahaifin wanda ya kafa kamfanin, da injunan saƙa ya yi suna.

Injinta kuwa an yi shi tare da kamfanin Yamaha. Silinda 10 gare shi, lita 4.8, da ƙarfin doki 560, motar kuma tana kai kilomita 325 a awa. Yakan tashi zuwa juyi 9,000 a minti cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, har allurar agogon da aka saba da ita ta kasa bin sa, dole aka sa agogo mai allo. Ƙararsa ma sai da masanan sauti na Yamaha suka daidaita ta, su da suka saba da kayan kiɗa.

An biya farashi da rai. Ran 23 ga watan Yuni na 2010 Hiromu Naruse, babban direban gwaji na kamfanin, ya rasu a hatsari cikin wata LFA kusa da filin tsere na Nurburgring a Jamus. Shi ne ya koya wa Akio Toyoda, jikan mai kafa kamfanin, tuƙin tsere. Akio kuma, wanda ya zama shugaba a 2009, shi ya tsaya wa motar a lokacin da tattalin arzikin duniya ya shiga matsi.

Daga Disamba 2010 zuwa Disamba 2012 aka ƙera guda 500 cif a masana'antar Motomachi, kusan ɗaya a yini, yawancin aikin da hannu. Kuɗin kowace ya kai dalar Amurka 375,000 (ba dalar kasuwa ta tamma biyar ba), duk da haka ana cewa cinikin bai mayar da abin da aka kashe ba. Mai lissafin riba kaɗai zai ce asara ce. Sai dai ilimin sarrafa zaren kabon ya zauna a gidan, aka yi amfani da shi a waɗansu motocin Lexus na baya. A ɗakin da aka harhaɗa LFA kuma aka fara ƙera Mirai a ƙarshen 2014, motar da ke tafiya da iskar haidirojin, ba ta fitar da komi sai ruwa.