Gonar Citta a Bakin Gari: Da Wane Mudu Za a Auna Harajinta?

Tsofaffin ƙauyukan Jama'a a kudancin Kaduna ba su manta da zamanin haraji ba. Da an gama girbi dagaci zai bi gida-gida da takarda, magidancin da ba shi da kuɗi kuwa ko ya sayar da akuya ko ya kwana a daji. A 1979 gwamnan tsohuwar Jihar Kaduna, Balarabe Musa, ya soke haraji da jangali, Abubakar Rimi ma ya yi haka a Kano. Manomi ya yi ajiyar zuciya. To amma an rabu da Bukar ne an haifi Habu, domin yau maganar ta koma kan ƙasa da gida.

Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, ta bar wa ƙaramar hukuma ba da izinin mallaka na gargajiya a karkara. Tsarin mulkin 1999 kuma ya ba ƙananan hukumomi aikin kimanta gidaje don karɓar kuɗinsu. Tun da aka kafa KADGIS, hukumar filaye ta Jihar Kaduna, a 2015 ake kiran jama'a su yi wa filayensu rajista. Takardar mallaka abar so ce: banki na karɓarta jingina, tana kuma kashe rigimar iyaka da ta gado. Sai dai wanda ya karɓe ta ya shiga littafi, kuɗin ƙasa na shekara-shekara zai biyo shi.

Inda gizo ke saƙa shi ne bakin gari. Bi hanyar Kafanchan zuwa Kagoro ka gani. Ga kunyoyin citta an rufe su da ciyawa, ga bulo an jibge a gefe, ga sabon gida da kwano mai sheƙi. Maƙwabcin ya sa darajar gonar ta ninka, alhali buhunan da take bayarwa ba su ƙaru ko ɗaya ba. Idan mai kimantawa ya auna ta da farashin fuloti, ya ɗora wa manomi harajin kuɗin da bai taɓa riƙewa ba, daga ƙarshe ya tilasta masa sayar da gadon gidansu.

Damunar 2023 ta isa shaida. Cutar ruɓewa ta faɗa wa citta a Kachia, Jaba, Kagarko da maƙwabtansu, mutum ya tona kunya ya tarar da saiwa ta zama ruwa tana wari. Wasu ko iri ba su fitar ba, ga bashin taki a wuya. Farashin fili kuwa bai san an yi annoba ba.

Wasu ƙasashen sun daɗe da gane wannan. Ingila ta cire gonaki daga harajin gine-gine tun 1929. Jihar Maryland a Amurka ta fara auna gona da amfanin da take bayarwa a 1956, sauran jihohi suka bi sahu. Nan gida, dokar Legas ta 2020 ta yafe wa ɗan fansho kuɗin gidan da ya mallaka yake zaune a ciki.

A ganina Kaduna na iya rubuta irin wannan rangwame dalla-dalla: gonar da ake nomawa a auna ta da amfaninta, gidan da tsoho ko wadda mijinta ya rasu ke ciki a sassauta masa, shekarar annoba ko ta gudun hijira kuma a yafe gaba ɗaya.

Sharaɗi ɗaya ne ba za a bari ba. Ranar da aka yanka gonar fulotai, sai a biya bambancin shekarun baya, kamar yadda jihohi da dama na Amurka ke yi. In ba haka ba, attajirin da ya sayi hekta goma a hanyar Kagoro zai shuka masara layi biyu ya ce shi ma manomi ne.