Yadda Ake Canza Famfon Ruwan Injin Bas, Da Kurakuran Da Ke Ƙona Inji

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a yankin Kazaure, abu ne da aka saba gani: Hayis cike da fasinja ta tsaya a gefen titin Kazaure zuwa Kano, tururi na tashi, kwandasta ya ruga neman ruwa a jarka. Direba zai ce lagireto ne. Sau da yawa kuwa laifin na famfon ruwa ne, wato abin da kanikawa ke kira watafam.

Aikinsa guda ɗaya ne. Bel yana juya shi, farfelar da ke cikinsa tana tura ruwa ya zagaya inji, ya kwaso zafi, ya kai lagireto ya huce, ya dawo. Da zarar ya daina, ko lagireto a cike yake, ruwan cikin inji zai tsaya wuri guda ya tafasa.

Galibi famfon ba ya mutuwa sai ya yi gargaɗi. A jikinsa akwai ɗan ƙaramin rami da masu ƙera shi suka bari da gangan. Idan robar da ke tare ruwa ta ci, ta nan ruwa ke fara ɗiga, ya bar shatin tsatsa ko wani farin gari. Sai kuma ƙara: boris ɗin ciki idan ya gaji yana gurnani, kuma idan ka kashe mota ka kama fanka ka girgiza, za ka ji tana lilo. Alamar da ta fi ruɗar mutane ita ce ta uku: babu yoyo, babu ƙara, amma allura na hawa. A nan tsatsa ce ta cinye farfelar, famfon na juyawa amma ba ya tura komai.

Wannan na ukun shi ya fi addabar motocin haya da ke shiga Roni, Gwiwa da Babura, saboda an saba zuba ruwan rijiya ko na burtsatse. Ruwan nan yana barin dasashi da tsatsa a hanyoyin inji. Ruwan sanyaya inji mai launi da ake sayarwa a galan yana ɗauke da sinadarin hana tsatsa, shi ya sa famfo ke daɗewa da shi.

Kafin a taɓa komai, a bar inji ya huce sosai. Murfin lagireto yana riƙe iska, abin da ke sa ruwa ya wuce digiri 100 bai tafasa ba. Buɗe shi da zafi yana iya saɓule fatar fuska. A cire kan batir, a tsiyaye ruwan a roba. Kada a zubar a ƙasa in mai launi ne: yana da ɗan zaƙi kuma guba ne, akuya ko yaro na iya sha.

A Hayis injin na ƙarƙashin kujerar gaba, don haka ita ake ɗagawa. Dabarar farko: a sassauta notinan fanka tun bel na ɗaure, domin shi ke riƙe fule kada ya juya. Bayan nan a ɗauki hoton yadda bel ya zagaya da waya, a cire shi, a cire fanka da fule, sannan a kwance famfon. Kusoshinsa ba tsawonsu ɗaya ba. A huda kwali a jera su yadda suka fito, domin doguwa a ramin gajeriya tana iya fasa jikin inji.

Wurin da ake yawan yin kasala shi ne gogewa. Dole a kankare tsohon gasket tas, kuma ba da sukundireba ba, don yana yi wa alminiyom tabo. A sa sabon gasket. Ni dai ban yarda da lafta gam ba: rarar da ta matso ciki tana ɓallewa ta je ta toshe lagireto. A ɗaure kusoshin kaɗan-kaɗan, wannan sannan na daura da shi, har su zauna daidai.

Wannan bayanin na injinan da bel ɗin waje ke juya famfo ne, kamar 2TR-FE na Hayis mai fetur. A wasu motocin, ciki har da wasu injinan Sharan na dizal, taimin bel ne ke juya shi. A can aikin na ƙwararren bakanike ne, don haƙori ɗaya na kuskure yana iya lanƙwasa bawul, kuma gara a canza bel ɗin tare da famfon tunda an riga an buɗe.

In za ka je Ƙofar Ruwa a Kano sayen famfon, tafi da tsohon a hannu, ka gwada ramuka da girman farfela. Na gwanjo yana da araha, amma ba ka san shekarun robarsa ba.

Bayan an haɗa, a cika ruwa a hankali, a tayar da inji murfi a buɗe, a bar shi ya yi ɗumi har tamostat ya buɗe, wanda a injinan Toyota da yawa yake faruwa a wajen digiri 82. Kumfa zai riƙa fitowa, ruwa ya sauka, a ƙara. Iskar da ta maƙale a ciki tana sa mota zafi ko da sabon famfo, kuma a nan ne wasu ke fusata su cire tamostat su jefar. Cire shi ba ya gyara komai, sai dai ya sa inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya ƙara shan mai.

Washegari da safe, kafin a yi lodi, a sake duba ruwan da ƙasan motar. In har allura na hawa, ko ruwa na raguwa ba tare da yoyo ba, ko bakin mai ya koma kamar shayi da madara, to wataƙila zafin baya ya riga ya taɓa gasket ɗin kan inji, kuma in haka ne sai an buɗe shi.