Kifin ado mai jan hanci: kafin ki ci rance a kansa

A wani zaman mako, bayan an gama zubi an kulle akwati, wata 'yar ƙungiya ta miƙo min wayarta. Ɗanta da ke birni ne ya turo mata bidiyon wasu 'yan kifaye cikin akwatin gilashi, ya ce masu hali na sayensu don ƙawata falo. Tana so ta ci rance ta fara kiwonsu. Mata suka fashe da dariya, wata ta ce, "Yo kifin da bai kai ɗan yatsa ba, a wace miya za a sa shi?" Ni ban yi dariya ba, don na taɓa riƙe irinsu ina makaranta, na kuma san yadda suka ƙare a hannuna.

Masu sayarwa suna ce masa rummy nose tetra, mu dai mu kira shi jan-hanci. Tsawonsa bai wuce santimita 5 ba. Jikinsa fari ne kamar azurfa, kansa ja wur, wutsiyarsa da zane baƙi da fari. Asalinsa yankin kogin Amazon ne a Kudancin Amurka, musamman ƙasar Brazil, inda ruwan wasu rafukan ya yi kalar shayi saboda ganyen da ke ruɓewa a ciki. Ruwa ne mai laushi, babu gishirin ƙasa sosai, kuma ɗuminsa ba ya sauyawa da yawa duk shekara. Daga nan wahalarsa take farawa a wajenmu.

Yana son ruwa mai ɗumin digiri 24 zuwa 28. To ku tuna da daren hunturu, ku kuma tuna da zafin watan Afrilu a ɗakin kwano. Da sanyi sai an sa hita, da zafi sai an nemi hanyar sanyaya ruwan. Ga matatar ruwa da famfon iska, waɗanda ake so su yi aiki dare da rana. Duk wannan wuta ce. Idan babu sola da batiri, magana ta ƙare tun ba a fara ba.

Ba a kuma ajiye shi ɗaya ko biyu. Kifin ayari ne, sai sun kai shida, goma ta fi, sannan hankalinsu ke kwanciya su riƙa iyo tare. Don haka akwatin zai ci ruwa kamar jarka uku ta lita 25.

Kuskuren da na yi shi ne gaggawa. Ranar da na cika akwati, ranar na zuba kifi takwas. Ban san cewa kashin kifi da ragowar abinci suna zama guba mai suna amoniya ba, kuma sai wasu ƙwayoyin halitta sun yi gida a cikin soson matata kafin su riƙa cinye gubar. Wannan yana ɗaukar mako huɗu zuwa shida, kuma kafin a sa kifi ake yinsa. A kwana na uku na ga jan kansu ya koɗe. Na ɗauka yunwa ce, na ƙara abinci, ashe wuta na ƙara wa itace. Kafin mako ya zagayo saura biyu.

Wannan koɗewar ita ce abin da na fi so game da shi: kifi ne da ba ya ɓoye damuwa. Idan ruwa ya ɓaci ko ya firgita, hancinsa ne zai fara gaya miki. Da safe kafin haske ya kama yakan yi fari-fari, wannan ba komai ba ne. Amma idan rana ta yi bai dawo ja ba, ki duba ruwa. A canza kashi ɗaya cikin huɗu kowane mako, ba duka a lokaci guda ba. Ruwan famfo na da sinadarin kulorin, sai an kashe shi tukuna. Kada a wanke akwati da sabulu, soson matata kuma a ɗauraye shi da tsohon ruwan akwatin. Abinci ɗan kaɗan, wanda za su cinye cikin minti biyu.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce tamu. Rancen ƙungiya wata uku ne ake biya. Jan-hanci kuwa yana da wuyar hayayyafa a gida: sai ruwa ya yi laushi sosai, ƙwan ba ya son haske, iyayen ma suna cinye shi. Ke nan ba kiwo za ki yi ba, saro za ki yi ki ajiye ki jira mai saye. Na tambaye ta, "Yaya, a kasuwar garin nan wa zai saya?" Ta yi shiru. "Idan suka mutu dare ɗaya fa, da me za ki biya?"

Mun kwatanta da tarwada, wadda ke iya shaƙar iska daga saman ruwa, tana jure abin da jan-hanci ba zai jure ba, ta isa sayarwa cikin wata huɗu zuwa shida, ga masu saye a bakin ƙofa. Ko ita ma ta zarce wa'adin rance, don haka sai mace tana da wata sana'ar da za ta riƙa biya da ita. Ƙungiya ba ta hana ta ba, don haƙƙinta ne ta nema. Ita da kanta ta janye, ta ce za ta jira rabon ƙarshen shekara, kafin nan ɗan nata ya zagaya shagunan kifin ado a birni ya jiyo nawa suke saye, kuma sau nawa a wata.