BABI NA UKU: ZAƁEN KAYAN HAƊA KWAMFUTAR GIRKE MAI RANGWAMEN KUƊI A DOKA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan ma'anar kwamfuta da ire-irenta. A wannan babi kuwa, za a duba yadda mai ƙaramin ƙarfi zai zaɓi kayan da zai haɗa kwamfutar girke a Doka, wato hedikwatar Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa. A wannan yanki ne titin Ahmadu Bello da Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi suke, inda ake samun shagunan kayan lantarki. Daga ƙasashen waje ake shigo da kayan kwamfuta, akasari ta hannun 'yan kasuwar Computer Village da ke Ikeja a Legas. Saboda haka, faɗuwar darajar Naira tun daga watan Yunin 2023 ta sa kuskure ɗaya wajen saye yana iya cinye jarin mai shagon buga takardu ko guzurin ɗalibi.

3.1 Furosesa da Babban Allo

Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta, babban allo kuma shi ne wanda ake dasa dukkan sauran kayan a kansa. Ba a zaɓen ɗaya sai an dubi ɗaya, domin kowace furosesa tana da irin gurbin da take shiga. Alal misali, furosesar Ryzen 5 5600G ta kamfanin AMD tana shiga gurbin AM4 ne, ba ta shiga allon da aka yi domin Intel. Wani amfanin wannan furosesa shi ne tana ɗauke da sashen nuna hoto a cikinta, don haka mai saye ya huta da kuɗin katin hoto. Amma furosesar Intel da lambarta ta ƙare da harafin F ba ta da wannan sashe, wanda ya saye ta sai ya ƙara da kati.

Haka kuma, akwai tsofaffin kayan da ake kira tokumbo, waɗanda arharsu ke jan hankali. A nan ya kamata a lura cewa kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Ita kuwa Windows 11, a hukumance tana karɓar furosesar Intel ne daga zubi na 8 zuwa sama, da Ryzen daga jerin 2000. Wanda ya sayi abin da bai kai haka ba, ya tabbatar da maganar Hausawa cewa arha ba ta ado.

3.2 RAM da Ma'adana

RAM ita ce wurin da kwamfuta ke ajiye aikin da take yi a lokacin. Gigabait 8 ya wadatar ga buga takardu da shiga intanet, 16 kuma ya fi dacewa da mai aikin zane. Allon AM4 yana amfani da DDR4, allon AM5 da ya fito a 2022 kuwa sai DDR5, kuma ɗaya ba ta shiga gurbin ɗaya. Dangane da ma'adana, SSD mai gigabait 256 ta fi tsohon faifai mai juyawa amfani ko da ya fi ta girma, domin ta ninka shi sauri, kuma ba ta da abin da ke motsi a cikinta.

3.3 Wutar Lantarki da Yanayi

Wannan shi ne ɓangaren da ake yawan yi wa riƙon sakainar kashi, alhali idan na'urar raba wuta ta ƙone tana iya tafiya da allo. Ƙarfin wutar Nijeriya bolt 230 ne, na Amurka kuwa 120. Wasu tsofaffin na'urorin suna da ɗan maɓalli a baya mai lamba 115 da 230, idan aka jona alhali yana kan 115, nan take na'urar za ta ƙone. Ga kwamfutar da ba ta da katin hoto, na'ura mai inganci ta wat 400 ta isa. Bugu da ƙari, yawan ɗaukewar wuta da komawa kan janareta sun sa UPS ta zama wajibi. Ƙurar hunturu da zafin watannin Maris da Afrilu kuma suna buƙatar akwati mai fanka da ragar tace ƙura.

3.4 Naɗewa

A taƙaice, wannan babi ya nuna cewa aikin da za a yi da kwamfuta shi ne ma'aunin zaɓen kayanta. Ana iya yin tsimi a kan akwati da allon kallo, amma ban da na'urar raba wuta. Ya kamata kuma a gwada kowane kaya a gaban mai shago, a karɓi rasit mai ɗauke da wa'adin garanti. Babi na gaba zai yi bayani a kan matakan haɗa waɗannan kaya.