Mutuwar Cikin Barci: Daga Fatalwar Bazawara Zuwa Ciwon Brugada

A ƙauyukan arewa maso gabashin Tailan, an sha ganin ƙato majiyi ƙarfi ya shafa jan farce, wani har ya ɗaura zanen mata, sannan ya kwanta. Mutanen yankin sun yarda cewa fatalwar wata bazawara ce ke yawo da dare tana ɗauke maza, don haka sai namiji ya ɓad da kama ko ta wuce shi. Camfin yana da dalili. Magidanci ya ci shinkafarsa lafiya ƙalau, ya kwanta, tsakar dare a ji yana gurnani, numfashi sama-sama, kafin asuba rai ya yi halinsa. Can suna kiran abin lai tai, a Filifin bangungut, a Japan kuma pokkuri.

Bakin zaren ya fito ne daga Turai. A 1986 aka kawo wa likitan zuciya Pedro Brugada wani yaro ɗan shekara 3 daga ƙasar Folan, wanda zuciyarsa ke tsayawa a kai a kai, kuma irin wannan ciwo ya yi ajalin 'yar'uwarsa. Takardar gwajin lantarkin zuciya (ECG) ta yaron ta nuna wani tudu da likitan bai saba gani ba. A 1992, shi da ƙanensa Josep, 'yan yankin Kataloniya na Sifen, suka wallafa bayanin marasa lafiya 8 masu irin wannan zane, ciwon kuwa ya ɗauki sunan gidansu. A 1997 likita Koonlawee Nademanee da abokan aikinsa suka gano tudun nan a takardun ECG na mazan Tailan da suka kuɓuta daga lai tai.

Zuciya famfo ce mai aiki da lantarki. Kowane bugu yana farawa ne idan sinadarin sodiyam ya kutsa ƙwayoyin tsokarta ta wasu 'yan ƙofofi. A 1998 aka alaƙanta ciwon da tangarɗa a ƙwayar gado mai suna SCN5A, wadda ke tsara waɗannan ƙofofi, ko da yake kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu ciwon ne kawai ake samun tangarɗar a wurinsu. Idan lantarkin ya harɗe, ɗakunan ƙasa na zuciya sai su koma makyarkyata maimakon bugu, jini ya daina isa ƙwaƙwalwa. Cikin daƙiƙu mutum ya sume, cikin mintuna ya cika. Ko an duba zuciyar bayan mutuwa, galibi sumul za a same ta, babu jijiyar da ta toshe.

Uba ko uwa mai tangarɗar, kowane ɗa da suka haifa rabi da rabi ne, ko ya gada ko ya tsira. Alamun sun fi bayyana ga maza da wajen ninki 8 zuwa 10, yawanci a kusa da shekara 40, wasu kuma har su tsufa ba su san suna da shi ba. Zazzaɓi mai zafi, yawan giya da wasu magunguna suna tayar da shi, shi ya sa ake gargaɗin mai ciwon ya sha farasitamol da zarar jikinsa ya yi ɗumi. Wanda ya taɓa sumewa ko zuciyarsa ta taɓa tsayawa, akan dasa masa wata 'yar na'ura a ƙarƙashin fatar ƙirji, wadda ke fizgar zuciya da lantarki ta dawo hayyacinta. Wasu kuma akan ba su kwinidin, ɗan'uwan kwinin.

A wurinmu, inda zazzaɓin cizon sauro ya zama ruwan dare, kuma ake kai mamaci makwancinsa a ranar da ya rasu, mutuwar fuju'a takan wuce da "kwana ne ya ƙare". Haka ne, ajali ba ya jira. Amma gidan da matashi ya kwanta lafiya bai tashi ba, musamman idan an taɓa yin haka a dangi, ya kamata bayan an share makoki iyayensa, 'ya'yansa da waɗanda suke ciki ɗaya su je wurin likitan zuciya. Gwajin ECG bai wuce minti 10 ba.